Yadda Za Ka Zaɓi Ƙwararren da Zai Nemo Maka Izinin Gini a Kaduna

Akwai takardu biyu da mutane ke yawan haɗawa wuri guda a Kaduna, alhali kowacce da gidan da take fitowa. Ta farko ita ce shaidar mallakar fili, wadda ke hannun KADGIS, hukumar da dokar jiha ta 2015 ta kafa don kula da bayanan filaye. Ta biyu ita ce izinin gini, wanda KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ke bayarwa. Mutum na iya riƙe da C of O ɗinsa, wato shaidar mallakar, lafiya lau, ya kai gini lintal, ya wayi gari ya tarar da jan fenti a jikin katanga an ce ya dakata. Fili nasa ne, ba wanda ya musa. Izinin ɗora bulo a kai ne bai nema ba, ko kuma ya ba wani kuɗi ya nemo masa, wancan ya kawo masa takardar da ba ta da asali a ofis.

Wannan na biyun ya fi ciwo, domin an biya kuɗi kuma an saki jiki. Shi ya sa zaɓen wanda za ka danƙa wa aikin ya fi cike fom ɗin kansa muhimmanci. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: ka nemi mutumin da yake da suna da hatimin da zai yi asara idan ya yi maka ƙarya. Wanda jarinsa kawai shi ne "na san mutane a ciki" ba shi da abin da zai rasa ranar da magana ta ɓaci.

Mataki na farko: san irin aikin da ke gabanka

Kafin ka nemi kowa, ka zauna ka rubuta abin da kake son yi a filin, domin shi zai nuna wanda zai ja ragamar aikin.

Idan gidan zama ne na ƙasa a fuloti mai ƙafa 50 da 100 cikin shimfiɗar gwamnati, wato unguwar da gwamnati ta yanka fulotai da tituna, mai zanen gine-gine mai rajista, wato akitek, shi ne jagora. Shi zai jawo injiniya da masanin tsara birane su yi nasu ɓangaren. Idan bene ne, nauyin ya koma kan injiniyan ƙarfin gini, kuma batun gwajin ƙasa ya shigo. Idan kuwa gidan zama kake son mayarwa makaranta, asibiti ko rukunin shaguna, ko gona ce ka saya a wajen gari kana son yanka ta fuloti-fuloti ka sayar, to masanin tsara birane ne gaba, domin maganar ta zama ta sauya amfanin fili ko amincewa da shimfiɗa, ba ta zanen ɗakuna ba. Gidan mai yana da ƙarin hukuma a kansa, wato NMDPRA, ta tarayya mai sa ido kan harkar man fetur, wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR a 2021. Manyan ayyuka kuma suna buƙatar rahoton tasirin muhalli: dokar tarayya mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta shi a kan rukunin gidajen da ya kai hekta 50, sannan a matakin jiha akwai KEPA mai kula da muhalli.

Babu mutum ɗaya da doka ta ba ikon sa hannu a kan duk waɗannan takardu. Wanda ya ce maka shi ne safiyo mai awon fili, shi ne akitek, shi ne injiniya, ka gode masa ka tashi. Abin da kake nema shi ne jagora ɗaya da zai ce maka: ga nawa ɓangaren, ga sunayen waɗanda za su yi sauran.

Mataki na biyu: tantance rajista

A nan ake yawan yin sakaci, saboda kunya. Mutum ya zo da mota mai kyau, ana kiransa Injiniya a unguwa, wataƙila ma surukin abokinka ne, sai ka ga kamar cin fuska ne ka ce ya nuna maka takarda. Ba cin fuska ba ne. Mai rajista na gaske yana jin daɗin wannan tambayar, domin ita ke bambanta shi da masu cin kasuwarsa.

Kowace sana'a da majalisar da doka ta ɗora wa rajistar masu yin ta. Ta masu zanen gine-gine ita ce ARCON, tun 1969. Ta injiniyoyi COREN, tun 1970. Ta masu tsara birane TOPREC, tun 1988. Ta safiyo-safiyo SURCON, ta magina masu ilimin gini kuma CORBON, dukansu tun 1989. Ka lura da wani abu da ke ruɗar mutane: akwai ƙungiyoyin sana'a irin su NIA ta masu zane, NSE ta injiniyoyi da NITP ta masu tsara birane. Zama ɗan ƙungiya abu ne mai kyau, amma katin ƙungiya ba shi ne lasisin aiki ba. Lambar majalisar rajista ita kake so. Haka nan digiri daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko babbar difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna shaidar karatu ce, kuma waɗannan makarantu sun yaye ƙwararru masu yawa, sai dai bayan karatun akwai shekarun aiki a ƙarƙashin wani da jarrabawa kafin a ba mutum hatimi.

Ga yadda za ka yi. Ka ce ya rubuta maka cikakken sunansa kamar yadda yake a rajista, da lambarsa, ya kuma nuna maka shaidar cewa ya sabunta lasisinsa na bana. Sai ka bincika da kanka ta shafin intanet na majalisar, ko ka tuntuɓi reshen ƙungiyar sana'ar da ke Kaduna ka tambaya ko sun san shi. Idan da sunan kamfani yake aiki, ka duba sunan a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne kuma a waya ma ana yi. Amma rajistar CAC tana nuna kamfani ya wanzu ne kawai, ba ta nuna akwai mai hatimi a cikinsa.

Sannan ka ce ya nuna maka zanen wani aiki da ya taɓa samo wa izini. Ka buɗe takardar, ka duba akwatin da ke gefe ko ƙasan kowane shafi, inda ake rubuta sunan mai gini, lambar fuloti, sunan wanda ya zana da ranar zane. Hatimin da ke wurin, sunan wa ke jiki? Idan sunan wani ne daban da wanda ke zaune gabanka, ka tambaya. Sananniyar al'ada ce a harkar nan mai zane marar rajista ya yi aikin duka, sannan ya kai wa mai rajista ya buga hatimi a biya shi, ba tare da ya taɓa ganin filin ba. Yaro ya yi zane a ƙarƙashin maigidansa ba laifi ba ne, haka ake koyon aiki. Laifin shi ne mai hatimin ya zama bai san da kai ba. Don haka ka ce kana son ganinsa, ko aƙalla ku yi magana a waya ya tabbatar maka da bakinsa cewa ya ɗauki nauyin aikinka.

Wani kuma da za ka kauce wa shi ne ma'aikacin da ke cikin hukumar da za ta duba takardarka, ya ce shi zai zana maka a gefe. Ko da ya iya aikin, mai zane da mai dubawa bai kamata su zama mutum ɗaya ba, kuma ranar da aka sauya masa wurin aiki, kai za a bari da fayil.

Mataki na uku: zama na farko

Ka ga mutum biyu ko uku kafin ka yanke shawara. Ka tafi da kwafin takardunka, ka bar na asali a gida.

Abin da za ka fi lura da shi shi ne tambayar da ya fara yi maka. Na kirki zai fara da fili: wace takarda ke hannunka, sunan wa ke jiki, an kai ta KADGIS ko ba a kai ba. Idan ka ce masa takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu, ya kamata ya gaya maka gaskiya cewa wannan shaidar ciniki ce, tana da amfaninta, amma ba ta kai matsayin mallakar da gwamnati ta sani ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 22 ya ce sai da amincewarsa ake mayar da haƙƙin mallaka daga wani zuwa wani. Ma'ana, idan C of O ɗin da ka saya har yanzu da sunan mai shi na farko yake, akwai aiki a KADGIS kafin a je KASUPDA. Idan filin gado ne, zai tambayi takardar rabon gado daga kotu. Wanda ya tsallake duk wannan ya fara tambayarka ɗaki nawa kake so da irin rufin da ya burge ka, zane yake son sayar maka.

Kai ma ka yi masa tambayoyi. Wane aiki ya samo wa izini a Kaduna kwanan nan, kuma zai iya haɗa ka da mai shi? Waɗanne takardu hukuma za ta nema a irin aikinka? Amsar ta kamata ta fito daga bakinsa ba tare da kame-kame ba: shaidar mallaka, taswirar awo, zanen gini, zanen ƙarfin gini da lissafinsa, zanen wuta da na famfo, rahoton nazarin fili daga masanin tsara birane, da gwajin ƙasa idan bene ne. Ka tambaye shi kuma abin da ya taɓa sa aka dawo masa da fayil. Duk wanda ya daɗe a aikin an taɓa dawo masa da fayil a ce ya gyara, kuma yadda ya ba da labarin zai nuna maka ko ya san dalilin.

Na ce a Kaduna da gangan. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka ƙa'idar Abuja ba lallai ta zama ta Kaduna ba. Ƙwararre daga Abuja ko Kano yana da ikon yin aiki a nan, lasisinsa na ƙasa baki ɗaya ne, amma ka tabbata ya san ƙa'idojin KASUPDA na yanzu ko yana da abokin aiki a gari.

Kalma ɗaya idan ka ji ta, ka rufe maganar: "Alhaji, ka fara gininka kawai, takarda za ta biyo baya." Haka ma wanda ya yi maka rantsuwa cewa izini zai fito ranar kaza. Ba shi ke sa hannu ba. Iyakar abin da zai iya alkawari shi ne ranar da zai gama zane ya shigar.

Mataki na huɗu: ku je filin tare

Wannan shi ne gwajin da ba ya ƙarya, kuma ya cancanci ka biya kuɗin mai da na wahalarsa ko da ba ku ƙulla ba tukuna. Ka tsaya gefe ka kalli abin da yake yi.

A ce fulotin naka yana wajen Rigasa ko Danhonu. Na kirki ba zai tsaya a inuwa yana kallon taswira ba. Zai sa a share ciyawa a nemo bikon ɗin kusurwa huɗu, wato turakun siminti masu nuna iyakar fili, ya durƙusa ya karanta lambar da ke kan simintin, ya gwada ta da wadda ke takarda. Zai ja tef. Kana iya jin ya ce, "Ranka ya daɗe, takarda ta ce ƙafa 50, ni kuma 44 nake gani tsakanin bikon nan da katangar maƙwabcinka. Kafin mu zana komai sai safiyo ya dawo." Maganar ba daɗi, amma ta fi ka ji ta bayan an zuba harsashi. Daga nan zai ɗaga kai ya dubi sama ko akwai wayar wuta, ya dubi inda ƙasa ta gangara don ya gane hanyar ruwa, ya tambayi na kusa inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta da Satumba.

Akwai tazarar da babu wanda zai iya sassauta maka ita. Babbar wayar wuta mai kilobolt 330, irin waɗanda ke shiga tashar Mando, tana buƙatar mita 25 kowane gefe. Mai kilobolt 132 mita 15, mai 33 da mai 11 kuma mita 5.5. Babban titin tarayya, kamar na Kaduna zuwa Zariya ko na Abuja, yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Layin dogo da bututun mai da ke zuwa matatar Kaduna su ma suna da haraminsu. Sai bakin Kogin Kaduna da rafukan da ke zuba a cikinsa. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da damina ke yi wa wuraren Kigo Road da Bashama Road. Fili a irin waɗannan wurare yana da araha da rani, dillali kuma da rani yake kai mutum.

Ba ina cewa dillalai mugaye ba ne. Da yawansu sun fi kowa sanin tarihin filayen unguwa, kuma la'adarsu halal ce. Sai dai aikinsu yana ƙarewa ranar da aka yi ciniki, ba su ne za su gaya maka filin ba ya ginuwa ba.

Abu na ƙarshe a filin shi ne titin da ba a yi ba tukuna. Birnin Kaduna yana da tsarin da kamfanin Max Lock ya zana tun 1967, aka sake duba shi a 2010, kuma aikin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya nuna wa mutane cewa hanyar da ke kan takarda tana iya zama shekaru a kwance sannan rana ɗaya katafila ta iso. Filayen awon igiya sun fi shiga wannan haɗari, saboda an yanka su ba tare da an duba shimfiɗar hukuma ba. Ƙwararren kirki zai ɗauki lambobin wurin da na'ura, ya je ya bincika me aka ware yankin don shi, kafin ya karɓi kuɗin zane. Idan ya dawo ya ce maka abin da kake so ba zai samu izini a nan ba, kada ka ji haushinsa ka tafi neman wanda zai ce maka zai yiwu. Za ka same shi kuwa, suna da yawa.

Mataki na biyar: kuɗi da yarjejeniya

Ka raba kuɗi gida biyu tun farko: ladan ƙwararre daban, kuɗin gwamnati daban. Kada ka yarda da jimla ɗaya da aka ce ta haɗa komai, domin a cikinta ake ɓoye abubuwa. Kuɗin hukuma ana lissafa shi ne bisa girman gini, yankin da yake da abin da za a yi da shi, kuma hukuma ce ke fitar da takardar lissafin bayan ta duba zane. Ka ce sai ka ga wannan takardar da idonka, da sunanka a jiki, sannan ka biya da kanka ta banki ko ta hanyar biyan da jiha ta amince da ita. Jihar Kaduna ta koma asusun bai-ɗaya tun 2015, kuma dokar harajinta ta hana karɓar tsabar kuɗin gwamnati a hannu. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin izini asusunsa na kansa, ko ya ce akwai wani kaso na "manya" da ba a ba da rasit a kai, ka san inda aka dosa.

Ladansa kuma ka biya kashi-kashi: kafin alƙalami, wani kaso idan ya kawo zanen da ka amince da shi, wani idan ya kawo shaidar shigar da fayil, ragowar sai izini ya fito. Ku rubuta. Shafi ɗaya ma ya isa, muddin ya faɗi aikin da zai yi, sunaye da lambobin duk masu buga hatimi, wanda zai ɗauki nauyin gyara idan hukuma ta dawo da zane, da cewa zai ba ka cikakken kwafin komai, na takarda da na kwamfuta. Idan aikin babba ne, lauya ya duba. Game da farashi, idan na mutum ɗaya ya faɗi ƙasa warwas da na sauran, ka tambaye shi abin da ya cire. Yawanci lissafin injiniya ne ko gwajin ƙasa, wato daidai abubuwan da ke riƙe bene.

Mataki na shida: bin fayil har izini ya fito

Fom ɗin ya kasance da sunanka da lambar wayarka, ba tasa ba. Ranar da aka shigar, ka karɓi lambar fayil da shaidar karɓa. Ko sau ɗaya ne ka taka da ƙafarka zuwa ofishin, ka ba da lambar ka ji matsayin da ake ciki. Masu zaune a Saudiyya, Ingila ko Legas suna gini a gida su wakilta wani ɗan'uwa daban da wanda ke riƙe da kuɗin ginin, ya je ya gani. Jami'ai za su zo duba filin, kuma yana da kyau kai ko wakilinka ku kasance a wurin tare da ƙwararren.

Idan izini ya fito, abu biyu za a ba ka: wasiƙar amincewa da zanenka da hukuma ta buga wa hatimi. Ka duba sunanka, lambar fuloti, yawan hawa da irin amfanin da aka amince. Sannan ka koma ofis da kanka a tabbatar maka cewa takardar tana cikin kundinsu, kafin ka biya ragowar lada. Ka duba wa'adi ma. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta sa shekara 2 ne, don haka ka karanta abin da aka rubuta a taka wasiƙar, idan kuma kuɗi ya tsaya gini bai fara ba, ka nemi sabuntawa.

Izinin na zanen da aka buga wa hatimi ne, ba na duk abin da ya zo maka a rai daga baya ba. Da yawa sukan samu izinin gidan ƙasa, gini na tafiya birkila ya ce ai harsashin zai ɗauki dekin, ko a ga gaban gida ya yi kyau da shaguna uku a ci tazarar titi. Wannan sabon gini ne a idon hukuma. Saboda haka ka sa a cikin yarjejeniya cewa ƙwararren zai zo ranar da za a ja igiyar harsashi, ya tabbatar an bar tazarar gaba, baya da gefe yadda take a zane, injiniya kuma ya ga rodi kafin a zuba kankare. Idan ka canza shawara a tsakiyar aiki, a dakata, a gyara zane, a mayar wa hukuma. Kwafi ɗaya na zanen da wasiƙar ya zauna a wurin gini cikin leda a hannun mai gadi ko shugaban leburori, saboda jami'an sa ido ba sa sanar da ranar zuwansu, na asali kuma ya zauna a gida tare da takardun fili.